Day One: ta iya ajiya, amma tambayoyin sai ka zo da naka

Day One manhaja ce ta rubuta abin da ya wakana a yini, tana Play Store da App Store, kuma tun 2021 tana hannun kamfanin Automattic. Mai son bin maganar Sayyidina Umar, cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, zai same ta da amfani, in dai ya san inda ta gaza.

Wajen ajiya ba ta da laifi. Tana aiki ko babu data, ta sa kwanan wata da lokaci da kanta, ana kulle ta da lambar sirri ko zanen yatsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da mutum biyar a harabar jami'ar ABU Zariya ta Samaru ko Kongo, inda littafi a ƙarƙashin filo ba ya kwana biyu. Rubutu kyauta ne. Naɗar murya da haɗa na'ura fiye da ɗaya sai an biya kuɗin shekara, kuma hisabi ba ya buƙatar ko ɗaya.

Rauninta tambayar da take kawowa kullum. Da Turanci take, kuma yawanci mai laushi ce, irin wadda ake amsawa a rufe waya ba a ji komai ba. Gara ka tsara naka a wurin da ta tanada don maimaita tsari ɗaya kullum. Uku sun isa: Wane alkawari na ɗauka yau, na cika? Wa na ɓata wa rai, kuma me na faɗa daidai-wa-daida? Wane abu guda zan yi dabam gobe, da ƙarfe nawa? Ɗan kasuwar Sabon Gari ya ƙara ta huɗu: bashin wa na jinkirta alhali ina da hali?

A lura, babu "me ya sa" a cikinsu. Wanda ya tambayi kansa me ya sa yake da kasala, ko dai ya ƙirƙiro uzuri ko ya kwana yana zagin kansa. "Me na yi tsakanin La'asar da Magariba?" kuwa tana da amsa ɗaya, ba ta da wurin ɓuya. Layi biyu ga kowace tambaya, minti 10 bayan Isha'i. Masu jera tambaya 15 su ne ke dainawa kafin sati ya zagayo.

Abu biyu kan lalata aikin. Wayoyin Tecno da Infinix kan kashe manhajar da ba a buɗe ba don tattalin batir, sai tunatarwar dare ta daina zuwa; a shiga saitin batir a cire mata takunkumi. Na biyu ya fi wuya: WhatsApp na nan kusa da ita. A kashe data kafin a fara.

A sa Hausa a Gboard, allon buga rubutu na waya, don ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba neman kalma daga baya zai ba da wahala. Ranar Juma'a a karanta na kwana bakwai a jere, a nemi sunan mutum ko uzurin da ya fito sau uku.

Wanda ke da ɗaki nasa da akwati mai kwaɗo, littafi mai falle 80 zai yi masa wannan aikin, ko an ɗauke wuta.