MKS DLC32 ko Arduino Uno da CNC Shield: wanne za ka sa wa ƙaramin injinka?

Jama'a in dai ƙaramin injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafa motsinsa, kake haɗawa don sassaƙa katako ko roba ko zane da lesa, kuma aljihu bai yi nauyi ba, zaɓin da yawanci ake tsayawa a kai biyu ne, ko Arduino Uno da CNC Shield V3, wato bod ɗin da ake ɗorawa don jona motoci, a kansa, ko bod irin MKS DLC32 na kamfanin Makerbase. Na yi aiki da duka biyun, kuma gaskiya ni DLC32 nake ba mutane shawara yanzu, amma da sharaɗi, zan zo kai.

Uno ɗin dai kowa ya san shi, ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce mai 8-bit da gudun 16MHz, manhajar GRBL 1.1 ake ɗora masa, kuma wallahi waɗanda suka rubuta GRBL sun yi ƙoƙari don sun tatse ɗan cip ɗin nan har ba sauran wuri. Aksis uku yake ja, X da Y da Z, kuma yana iya tura wa moto bugu kusan 30,000 a daƙiƙa, kowane bugu taku ɗaya ne. Kar lambar ta ruɗe ka, yi lissafi. Moton NEMA 17 na yau da kullum taku 200 yake yi ya zaga sau ɗaya, in ka raba takun gida 16 ya zama 3,200, in sandar zaren injinka tana tafiya milimita 4 a zagaye ɗaya kamar na yawancin ƙananan injin CNC da ake kira 3018, kana da taku 800 a kowace milimita, shi ne abin da ake sa wa $100, wato saitin GRBL na yawan takun X a milimita. To raba 30,000 da 800, wajen milimita 37 kenan a daƙiƙa, ya ishi ɗan injin sassaƙa har da saura. Don haka masu cewa Uno ba shi da sauri ba su faɗi daidai ba, a ƙaramin inji ba nan matsalar take ba.

Inda take shi ne igiyar USB. Uno ba ya karanta aiki daga katin SD, dole kwamfuta ta zauna kusa da inji cikin ƙura tana tura masa G-code, wato umarnin motsin inji, layi-layi ta Candle ko Universal Gcode Sender ko LaserGRBL har a gama. Moton da ke juya bakin yanka kuwa, musamman irin 775 mai buroshi, yana watsa hayaniyar lantarki ba kaɗan ba, in ta shiga igiyar sai haɗin ya yanke, inji ya tsaya cak da baki a cikin katako, aikin da ka ɗauki dogon lokaci kana jira ya tashi a banza. Ana rage abin da gajeriyar igiya mai kariya da zoben ferayit, da raba wayoyin moto da na sigina, amma hankalinka ba ya kwanciya gaba ɗaya.

Sai kuma tarkon da ke kama kusan duk sabon shiga. Shield V3 ɗin da ke yawo a kasuwa, wanda masu kwaikwayo suke bugawa ba suna, an zana shi ne kan tsohon tsarin GRBL. Da aka kawo sarrafa gudun moton yanka ta PWM sai aka musanya fin 11 da 12, shi ya sa a GRBL 1.1 makunnin iyaka na Z, wanda ke sanar da bod cewa Z ya kai ƙarshe, ba a inda aka rubuta Z+ da Z- ake sa shi ba, a inda aka rubuta SpnEn ake sa shi. Mutum zai kunna $22, saitin da ke ba inji damar neman mafarinsa, ya ce inji ya koma gida, Z ya hau sama ya danne makunni bai tsaya ba yana ta gurnani, ya ɗauka makunnin ne ya lalace alhali rubutun jikin bod ne ya yaudare shi.

DLC32 kuwa ESP32 ne a cikinsa, 32-bit, gudu har 240MHz, da wayfay da ramin katin SD duk a bod ɗaya, yana cin wuta 12V zuwa 24V. Abin da ya saye ni shi ne katin nan. Ka zuba fayil a kati ko ka tura ta wayfay daga burauzar wayarka, ka danna fara, bod ɗin da kansa yake karantawa, ko wayfay ta ɗauke aiki na ci gaba. Wayoyin ma kowanne da soket ɗinsa mai riƙewa, ba irin 'yan fin ɗin shield da girgiza ke zarewa a hankali ba. Ka dai tuna wayfay ta 2.4GHz kaɗai ESP32 ya sani.

Manhajar da yake zuwa da ita ta fi karkata ga masu lesa, tana aiki lafiya, amma ni na fi son FluidNC a kansa, wadda ta gaji Grbl_ESP32. Daɗinta duk saitin inji a fayil ɗaya yake na YAML, ka gyara ka tura shi kenan, ba sai ka sake haɗa manhaja daga tushe duk lokacin da ka canja fin ba. Sai dai fayil ɗin ba ya son wasa, tazara ɗaya in ta kauce a farkon layi sai ya ƙi karɓa, don haka ka fara da samfurin da aka riga aka yi wa wannan bod ɗin, ka riƙa canja abu ɗaya kana gwadawa.

Yanzu sharaɗin. DLC32 direba uku kawai yake ɗauka, wato 'yan bod ɗin da ke juya motoci. Akwai soket biyu na Y amma direba ɗaya suke rabawa, ma'ana moto biyun ba za su daidaita kansu daban-daban ba. Kuma direbobin da ake cusawa, A4988 ko DRV8825, ƙanana ne. A4988 wajen amp 1 yake bayarwa cikin natsuwa, sai da ƙarfen sanyaya da fanka zai doshi 2, DRV8825 ya ɗan fi shi kuma yana raba taku har 32. Sun dace da NEMA 17. In NEMA 23 ka saya don babban inji mai cin aluminiyam, kar ka wahalar da su, za su yi zafi su riƙa yankewa inji na tsallake taku, nemi direba na waje irin DM542 ka kai masa siginar step da dir, ko ma ka nemi bod da aka yi don haka tun farko.

Kuma don Allah ko wanne ka ɗauka, saita Vref, wanda ke ƙayyade amp ɗin da direba zai ba moto, kafin ka fara. Ɗan sukurun nan ne ƙarami a kan direba, ka sa jan bakin mita a kansa baƙin a GND, ka juya a hankali. A DRV8825 mai resisto 0.1, amp ɗin ninki biyu ne na abin da mita ta nuna, 0.6V na nufin 1.2A. Duba alamar EN kafin ka cusa direba don in ka juya shi baya ƙonewa zai yi nan take, haka ma in ka zare wayar moto da wuta a jiki.

In kuma kana tunanin bod ɗin Mach3, wato manhajar Windows mai sarrafa CNC ta tsohon soket ɗin parallel port, yana aiki, amma sai ka nemo tsohuwar kwamfuta mai Windows 32-bit, Mach3 ɗin kuma lasisi ake saya, ban ga dalilin da mai farawa yau zai bi nan ba.

In kana da Uno a ajiye kuma koyo kawai kake so, sa masa shield ka fara, za ka koyi abu da yawa. In yanzu za ka saya, motocinka NEMA 17 ne kuma aksis uku sun ishe ka, ɗauki DLC32, ka haɗa da direba ɗaya ko biyu na ajiya da 'yar fanka da za ta riƙa hura su.