Saƙo daga Shefild zuwa Argungu kan tsatsa da man shafa wa ƙarfe

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya aikin fadama? Allah Ya sa albarka. Ka tambaye ni ko Turawa na da maganin tsatsa da ya fi namu, tunda kowace damina sai lauje da adda da sufanun injin ban ruwa sun yi ja. Ga abin da na gani.

Tsatsar nan ta fi ta gida naci. Mu muna da hunturu da bazara, ƙarfe ya yi watanni a bushe kafin ruwa ya sauka. A nan babu watan da ba a ruwa, kuma ko sama ba ta zubo ba, sanyin dare kan sa laima ta kwanta a jikin ƙarfe har a cikin ɗakin ajiya. A garin nan, Shefild ta Ingila, ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, amma har yau yawancin kayan yankan kafintoci da ƙarfe mai tsatsa ake ƙera su, don ya fi saurin ɗaukar kaifi. Saboda haka dole suka iya kula da shi.

In ka shiga shagon kayan aiki irin B&Q, za ka tarar da kanta guda cike da mayuka, kowanne da aikinsa a rubuce. Wanda ya fi suna shi ne WD-40, gwangwanin nan shuɗi da rawaya da kake gani wurin makanikai a Birnin Kebbi. A 1953 aka haɗa shi a San Diego ta Amurka, don kare jikin makami mai linzami na Atlas daga tsatsa. Ƙarfinsa korar ruwa ne da sassauta notin da ya cije. Tsinkakke ne, ba ya daɗewa da kauri a jikin ƙarfe, shi ya sa masu sana'a a nan in sun fesa shi sun goge, sai su bi da mai mai jiki. Da yawansu 3-in-One suke sawa, wanda tun 1894 aka yi shi don kekuna. Na gwada shi, kuma a ganina man keken ɗinki da teloli ke saye a kasuwa zai yi maka wannan aikin a kan filaya da almakashi da sufana. Ɗigo ɗaya a mahaɗa, ka buɗe ka rufe har baƙin dattin ya fito, ka share da tsumma.

Abin da ya fi burge ni ba a shago na gan shi ba. Ƙaramar hukuma kan ba mutane hayar 'yan filaye su yi lambu, kuma wani dattijo da filinsa ke kusa da nawa yana da bokiti cike da yashi da ya cuɗa da mai a bakin rumfarsa. In ya tashi aiki sai ya kankare lakar shebur da ɗan icce, ya soka shi cikin yashin ya zare, ya sake sokawa. Yashin ya goge, man ya rufe, sannan ya rataye shi a ƙusa, ba ya barin bakinsa ya taɓa ƙasa. Shebur ɗin ya tsufa har bakinsa ya cinye, amma yana ƙyalli. Yaya, yashi dai ba mu rasa shi ba a bakin gulbi. Fartanya da garma za su ji daɗin wannan dabara.

Sai maganar baƙin mai, wanda ita ce ta fi damuna. Gaskiya yana hana tsatsa, kuma a banza ake samunsa wurin masu juye. Amma man da ya gama yawo cikin inji cike yake da garin ƙarfe da ƙonannen datti, kuma likitoci na gargaɗi kan yawan taɓa shi da fata. A nan laifi ne ka zuba shi a magudanar ruwa, sai dai ka kai wurin tara shara na hukuma, akwai tanki na musamman. Mu kuwa muna shafa wa laujen da zai yanki shinkafar da za mu ci, ragowar mu watsar a ƙasa, ruwan damina ya kwashe shi zuwa gulbin Matan Fada, inda kifinmu yake. Don Allah ka raba shi da lauje da wuƙar yanka. Turawan nan kakin zuma suke shafa wa irin waɗannan, wasu kuma man kameliya, na 'ya'yan wata bishiya, da kafintocin Japan ke amfani da shi. Kaki muna da shi wurin masu zuma. Man gyaɗa zai yi in kullum ana amfani da wuƙar, amma in aka ajiye ta da shi sai ya yi danƙo.

Wanda tsatsa ta riga ta ci, su jiƙa shi cikin binega, wato ruwan tsamin nan na girki, ya kwana. Ruwan lemun tsami ma na yi. Da safe a dirje da soson ƙarfe, a wanke, a shanya, a shafa mai nan take, don ƙarfen da ya fito daga tsami kan sake yin ja kafin ka ankara.

Ta fannin gyara kuwa, gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganin maƙerin unguwa ba. Ƙota ta karye ko baki ya lanƙwashe, kuɗin hannun mai gyara ya fi kuɗin sabo, sai a jefar. Kai kuma za ka kai wa maƙeri fartanya, ya hura zuga-zugi, ya ɗora mata sabon baki, ya sa ƙota, kana zaune kuna hira. Wannan hidima ba ta sayuwa a nan sai da tsada.

Gwangwanin feshin da ka ce in aiko, ba a yarda a sa shi a kayan jirgin sama ba, saboda yana kama wuta. Zan ba mai zuwa gida buroshin waya da dutsen wasa mai kyau ya kawo maka. Ka gaida min Inna da yara.