Lensin Hoton Mutum Mai Sauƙin Kuɗi: Abin da Ya Sa Nake Tura Kowa Wajen 85mm f/1.8

Wanda ya daure ya sayi kyamara mai cikakken firam, wato mai babbar sensar ɗaukar hoto, yawanci kafin a zo maganar lensi aljihunsa ya riga ya yi sanyi. Sai ya ci gaba da lallaɓa zum ɗin (lensi mai jawo nesa kusa) da aka haɗo masa da shi a kwali, yana mamakin abin da ya hana hotonsa fitowa irin na ƙwararru, inda fuska ke fitowa fes, abin da ke bayanta kuwa ya narke. Kyamarar ba ta da laifi. Lensi ne ke yin wannan aikin, kuma ba sai mai ɗan karen tsada ba. Ni dai ba zan yi ɓoye-ɓoye ba, duk wanda ya tambaye ni amsata ɗaya ce: 85mm f/1.8 na kamfanin da ya ƙera kyamararka.

Lambar nan ta f lissafi ce mai sauƙi. Ana raba tsawon lensi, wato lambar milimitar da ke cikin sunansa, da ita, sai a sami faɗin ƙofar da haske ke bi. Ka raba 85 da 1.8, ka sami ƙofa mai faɗin kusan milimita 47. Ka raba 50 da 1.8, abin da za ka samu bai wuce 28 ba. Dukansu f/1.8 ne a rubuce, amma wannan bambancin faɗin shi ke sa na 85 ya fi narkar da itatuwa da gine-ginen da ke can nesa a bayan mutum. Ta fuskar haske kuma, zum ɗin kwali da ke tsukewa zuwa f/5.6 idan an ja shi ƙarshe, f/1.8 ya ninka shi kusan sau goma. Ko zum mai f/4 ma an ninka shi kusan sau biyar. Wannan shi ke ba ka damar ɗaukar hoto bayan faɗuwar rana, ko a cikin ɗaki kusa da taga, ba tare da ka tura ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, sama har fuska ta cika da tsaki-tsaki ba.

Amma abin da ya fi ɗaure ni da 85 shi ne inda yake tilasta maka ka tsaya. Sensar cikakken firam milimita 36 ce a 24. Idan ka juya kyamara a tsaye ka ja da baya mita 2, abin da zai shigo hoton tsayinsa kusan santimita 85 ne, wato daga kai zuwa ƙugu. Idan kai da kafaɗa kawai kake so, sai ka matso zuwa mita ɗaya da 'yan kai. Da lensin 50 kuwa, don ka cika firam da wannan kai da kafaɗar, sai ka kusanto har kusan santimita 70. A wannan kusancin hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara sosai, sai ya kumbura, goshi ya turo, kunnuwa su lafe baya. Tazarar ce ke jawo haka. Ga shi kuma mutane da yawa suna takura idan an cusa musu kyamara a fuska, murmushin ya koma na dole. Ka ba mutum mita biyu ka ga yadda kafaɗunsa ke sauka.

Kowane babban kamfani yana da nasa, kuma cikinsu babu na yarwa. Canon EF 85mm f/1.8 USM a 1992 ya shigo kasuwa, nauyinsa giram 425, kuma har yau injin fokas ɗinsa na cafke ido cikin hanzari ba hayaniya. Tsufansa na bayyana a wuri ɗaya: idan an buɗe shi gaba ɗaya, gefen abu mai ƙyalli, kamar ɗan kunne ko farin yadi a rana, kan yi wani zane mai launin shunayya. Ka tsuke shi zuwa f/2.8, ko ka share a kwamfuta, magana ta ƙare. Da yake an shafe shekaru ana ƙera shi, na hannu sun yi yawa, kuma da adaftar EF zuwa RF, wadda babu gilashi ko ɗaya a cikinta, yana aiki lafiya lau a kan sababbin kyamarorin Canon marasa madubi. Nikon AF-S 85mm f/1.8G na 2012 ya fi shi sauƙin ɗauka, giram 350, ya kuma fi shi kaifi a buɗe, sai dai fokas ɗinsa ba ya gaggawa.

Wanda na fi ƙauna cikinsu shi ne Sony FE 85mm f/1.8 na 2017. Giram 371 ne kacal, ka wuni da shi a wuya ba ka san yana nan ba. Ƙofar haskensa ganye tara gare ta, shi ya sa fitilun da ke baya ke zama ƙwallaye masu santsi ko an ɗan tsuke shi. A can gefen hoto ƙwallayen kan ɗan matse su yi tsini, wasu na ƙorafi a kan haka, ni kuwa ban taɓa jin wanda aka ɗauka hoto ya tanka ba. Akwai maɓalli a jikinsa da za ka iya ɗora wa aikin kama ido, babban yatsanka na hagu na kai a kowane lokaci. Yaro na gudu yana waiwaye, fokas na manne da idonsa. Tun daga f/1.8 yana fitar da gashin ido ɗaya-ɗaya, har takan kai ka rage masa kaifi idan fatar mutum ba ta son tonon asiri. Masu Nikon Z suna da 85mm f/1.8 S na 2019, wanda ingancinsa ya kai ko'ina amma kuɗinsa ya fara fita daga sahun masu sauƙi. Masu Lumix suna da S 85mm f/1.8 mai giram 355. Canon RF 85mm f/2 na 2020 ya zo da abin hana girgiza, kuma yana matsowa har santimita 35 don ɗaukar zobe ko ƙwayar ido, amma fokas ɗinsa na ɗan jan ƙafa.

Sauran fa? Lensin 50mm f/1.8 yana cikin mafi arha a yawancin kamfanoni, na Canon mai STM giram 160 ne kawai, kuma idan a ƙuntataccen ɗaki kake aiki dole ka neme shi, tunda 85 na buƙatar fiye da mita 4 kafin mutum ya shigo daga kai har ƙafa. Ka sayi na 50 ɗin ya zama na biyu. Masu f/1.4 da f/1.2 kuwa, tsakanin f/1.4 da f/1.8 ƙarin hasken bai ma kai ninki biyu ba, amma Sigma 85mm f/1.4 Art na 2016 da Canon EF 85mm f/1.2L II duk sun haura kilo ɗaya, kuɗin kuma ba a magana. Lensin 135mm sai a fili, kana ɗaga murya kafin mutum ya ji ka. A cikin lensin wasu kamfanoni na daban, Samyang mai fokas na hannu na masu haƙuri ne. Viltrox 85mm f/1.8 ba laifi ga mai Sony ko Nikon Z da kuɗinsa suka gaza. Yongnuo, arha ba ta ado.

Kafin ka yi sha'awar f/1.4, ka duba wannan lissafin. A f/1.8, mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, zurfin wurin da ke fitowa da kaifi kusan santimita 6 ne. Ka matso mita ɗaya da rabi, ya koma kusan 3. Mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya yi dishi-dishi. Ma'aurata ko iyali kuwa sai ka tsuke zuwa f/4 ko fiye. To me ka biya wa ƙarin kuɗin?

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don a nan ake yi wa mutane ungulu da kan zabo. Ni tun da wani mai sayarwa ya haɗa ni da lensi na hannu da ya rantse bai taɓa ganin ruwa ba, na daina fara tambayar kaifi, lafiyar gilashi nake fara dubawa. Daga waje fes yake, ko ƙwarzane babu. Hotunan ne suka riƙa fitowa kamar an ɗauke su cikin hayaƙi duk lokacin da haske ya fito ta bayan mutum, ɓangaren dama kuma kullum a dushe. Da mai gyara ya haska ciki, sai ga funfuna ta shimfiɗu a gilashin tsakiya, sukurorin baya kuma duk sun ci bakin sukudireba. An taɓa buɗe shi, aka mayar ba daidai ba. Mai kayan kuwa ya daina ɗaga waya.

Saboda haka ka je da tocila. Cire murfin gaba da na baya, ka haska daga baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, kowane tsohon lensi na da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa kamar saƙar gizo. Wannan funfuna ce, danshi da duhu ke raya ta, kuma idan ta daɗe takan cinye rufin da ke kan gilashi ta bar tabon da ba ya gogewa. Kada ka yarda da zancen wai shara kawai yake so. Hazo mai kama da tururi a cikin gilashi shi ma ka bar musu kayansu. Ƙwarzane a gilashin gaba ya fi sauƙin yafewa a kan na baya. Ka dubi kan sukurori, idan sun sha hannu ka tambayi dalili. A lensin Nikon mai G akwai ɗan ƙarfe a baya, ka ture shi da yatsa ka saki, ganyen ƙofar haske ya kamata su koma nan take. Idan suna tafiyar hawainiya ko suna ƙyallin mai, akwai matsala. A Canon EF sai ka ɗaura shi a kyamara, ka sa f/16, ka danna maɓallin duba zurfi kana kallon ciki.

Sannan ka ɗauki hoto da kyamararka, ba ta mai kaya ba. Nemi wani abu mai nisa, ka saita fokas sau ɗaya a f/1.8, ka ɗauke shi a kowace kusurwa huɗu ta firam. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran dushewa ƙwarai, gilashin ciki ya goce, galibi faɗuwa ya yi. Mai kyamara mai madubi yana da ƙarin aiki: jera batura uku a karkace, ka auna na tsakiya. Idan na gaba ko na baya ne ya fito, fokas na kuskure. A irin waɗannan kyamarori na'urar fokas daban take da sensar hoto, shi ya sa ake samun saɓani. Idan kaɗan ne, ana gyarawa a menu. Idan yau gaba gobe baya, ka haƙura da shi.

Akwai wata damfarar da ba ta buƙatar lalataccen kaya, wato a sayar maka da lensin ƙaramar sensa da sunan na cikakken firam. Sony na da E 50mm f/1.8 OSS na ƙaramar sensa da FE 50mm f/1.8 na babba, lambobinsu kuwa SEL50F18 da SEL50F18F, harafi ɗaya ne tsakani. Na farkon zai shiga kyamararka ya ɗauki hoto kamar ba komai, amma kyamara mai megafiksel 24 za ta yanke ta koma kusan 10. A Nikon ka guji DX, a Canon EF-S da RF-S, a Sigma DC, a Tamron Di II da Di III-A. Haka kuma tsohon Nikon 85mm f/1.8D ba shi da inji a cikinsa, kyamara ce ke juya shi. A kan D750 yana aiki, amma a kan adaftar FTZ ta kyamarorin Z da hannu za ka riƙa murɗa fokas, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai gaya maka ba.

Sayayya ta intanet kuwa cinikin biri a sama ne idan babu damar mayarwa. Hoton talla da aka kwafo daga shafin kamfani ba shaida ba ne. Ka ce a turo maka hoton lensin da tocila a bayansa, da lambar siriyal a bayyane, ka gwada ta da wadda ke kan kwali da katin garanti. Lensi sabo fil da kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, sau da yawa an shigo da shi ne ta bayan fage, garantin kamfani ba zai yi aiki a inda kake ba, ko kuma na sata ne. Jabun lensi sukutum ba shi da yawa, don ƙera shi da wuya. Abin da aka fi yi wa jabu shi ne tarkacen da ake haɗo maka a matsayin kyauta: filta mai ɗauke da sunan babban kamfani alhali gilashin banza ne, da katin ajiya da ke nuna girman da ba shi da shi. Filtar banza a gaban lensi mai kyau tana kashe kaifin da ka biya, ta ƙara walƙiya idan akwai fitilu. Ka cire ta ka sa hular kare haske. Na Nikon da na Sony da tasu suke zuwa, ta Canon EF kuwa daban ake sayenta, don haka idan na hannu ne ka tambaya ko tana ciki kafin ku gama ciniki.