Ɗalibin tarihi ko ɗan kwangila: wa za ka tura Kaduna?

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambaya wa za ka tura Kaduna ya binciko maka tsofaffin takardu, ɗalibin tarihi ko ɗan kwangila mai yi wa mutane bincike don kuɗi. Ɗauki ɗalibi. Tunda kana Kumasi, kuma takardun hakimcin kakanka na ƙasar Kano kake nema, wanda zai zauna ya karanta fayil kake buƙata, kuma ɗaliban da ke digiri na biyu a tarihi su suka saba da wannan zaman.

Ni wata yarinya ce mai digiri na biyu ta yi mini, Allah Ya yi mata albarka. Kafin ta karɓi ko sisi sai da ta tambaye ni sunan gundumar, da sarautar kakanmu, da sarkin da ya naɗa shi. Ta ce a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ba da sunan mutum ake nema ba, da lardi ake farawa. Fayilolin lardin Kano suna ƙarƙashin KANOPROF, na Zazzau ZARPROF, na Sakkwato SOKPROF, waɗanda suka kai sakatariyar Arewa kuma SNP. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka sa hakimai su koma zama a gundumominsu, Di'o kuma ya riƙa zagayawa yana rubuta rahoton ƙiyasin haraji. A irin waɗannan rahotanni ake samun tarihin gunduma, da sunayen dagatai, da yawan shanun da aka karɓi jangalinsu. Nan ta samo namu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take turo hotuna. Na farko kullum bangon fayil ne da lambarsa, sannan shafuka a jere, har da gefen da Razdan ya yi ɗan rubutu da hannunsa, ga tsatsar fil ta ci kusurwar takardar. Bature ya rubuta sunan kakanmu a karkace, da wani ne da ya wuce shi, ita kuwa ta gane shi ta sarautarsa. Ranar da ba ta samu komai ba sai ta faɗa mini gaskiya, ta lissafo fayilolin da ta buɗe. Da ta ga wasiƙa da Larabci, Arewa House ta tafi, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, ta samu wanda ya iya karanta rubutun warash ya duba mata.

'Yan kwangila kuwa, to, suna da sauri, iyakar abin da zan ce ke nan. Wanda na taɓa biya kwafin wani littafi da ake sayarwa a kasuwa ya turo mini.

Ka yi hattara da masu talla a Facebook cewa suna haɗa salsalar zuri'a cikin mako guda. Wasunsu buga takarda suke yi a kwamfuta, su ɗan dafar da ita ta yi kamar tsohuwa, su rubuta maka abin da suka san kana son ji. Duk takardar da ta zo ba lambar fayil, kada ka nuna wa dangi ita. Wanda kuma ya ce zai sayo maka ainihin takardar, ka guje shi, sata ce, kuma tarihinmu duka yake cirewa.

Ka nemi ɗalibin ta hannun malaminsa a sashen tarihi na ABU ko Bayero, don akwai wanda yake jin kunyarsa. Ku yi tsada a kan kwana, ban da kuɗin mota da na ɗaukar hoto. In ka ce a kan shafi za ka biya, za ka sha tarkace. Ka ba shi rabi tukuna, ka cika idan hotuna sun iso, kuma ka tambayi lokacin jarrabawarsa kafin ku sa rana. In ya iya Larabci, ka ƙara masa wani abu, ya cancanta.