Hira da mutane ko zama cikinsu: wanne ya dace da bincikenki?

Malama, kin tambaya ko hira da 'yan kasuwa ta wadatar wajen rubuta kundin digirinki, ko kuwa sai kin zauna cikinsu kina lura da harkokinsu. Abin da kowace hanya take samarwa daban ne.

Hira tana kawo abin da mutane suke faɗa game da kansu, kuma ta nan ake kaiwa ga abin da ya riga ya shuɗe. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai bincike, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, kuma daga bakin wannan dattijuwa aka ji yadda aure da harin bayi suke kafin zuwan Turawa. Sai dai wanda ake yi wa tambaya yakan faɗi abin da ya kamata a yi maimakon abin da ake yi, saboda kunya ko kara, ko kuma don abin ya zame masa jiki har bai ɗauke shi abin faɗa ba.

Wannan giɓin ne zama cikin jama'a yake cikewa. Bronislaw Malinowski, wanda ake danganta kafuwar hanyar da shi, ya kafa tantinsa cikin ƙauye a tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya riƙa rubuta abin da ya gani da idonsa. Haka wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, a farkon shekarun 1960, inda ya ga yadda bashi da amana suke gudana tsakanin masu masauki da dillalai da fataken shanu da goro, al'amarin da ba kasafai ɗan kasuwa yake bayyana wa baƙo a zama ɗaya ba. Amma hanyar tana cin watanni, domin da farko mutane kan gyara halinsu idan sun san ana kallonsu, kuma shaƙuwa kan sa mai bincike ya kau da kai daga aibin waɗanda suka karɓe shi. Wajibi ne kuma su san abin da ya kawo ki, su amince.

Tunda tambayarki ta shafi yadda ake ciniki a yau, a ganina ki fara da zama a rumfa ɗaya, ki riƙa rubuta abin da kika gani kowane dare, sannan ki gina tambayoyin hirarki a kansa. Idan makonni kaɗan ne a hannunki, ki tsaya ga hira, ki kuma bayyana hakan a babin hanyoyin bincike.