Rufin ɗaki na yoyo a Damagaram: abin da za a saya da abin da za a bari a kanti

Inda ruwa ke ɗiga a cikin ɗaki ba lallai ta nan ya shigo ba. Yakan shiga ta ramin ƙusa ko tsagar bango, ya bi katako ko azara mita ɗaya ko biyu, sannan ya sauko. Don haka kafin a nufi kasuwar Dole sayen kaya, a fara gano bakin yoyon. Mutum biyu sun isa: ɗaya ya hau sama da buta, ɗaya ya tsaya ciki da tocila da alli. A fara zuba ruwa daga gangare, wajen indararo, a jira kamar minti 10, sannan a matsa sama kaɗan-kaɗan. In aka fara daga sama, ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za a san ta ina ya bi ba. A fi sa ido a gefen gabas, domin daga can hadarinmu ya fi tasowa da iska. Watan Afrilu da Mayu ne lokacin wannan aiki. Wanda ya bari sai Agusta, a kan jiƙaƙƙen rufi zai yi faci, kuma ba ya kamawa.

Rufin tol, wato kwano, ya fi yoyo ta ƙusa. Rana ta cinye robar da ke ƙarƙashin kanta, iska ta girgiza tol ɗin, ramin ya faɗaɗa. Maganin da ya fi araha kuma ya fi daɗewa shi ne a zare tsohuwar, a ɗaura sukuru mai sabuwar roba wanda ya ɗan fi ta kauri, a kan tudun tol, ba cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. Mastik na kwalba, wato danƙon liƙi da ake matsowa, yana toshe ƙaramin rami, amma a shinshina kafin a saya: mai warin tsami yana sa tol tsatsa. Ga tsaga ko rami babba, ya fi kyau a sayi facin gudoro (kwalta) na naɗi mai bayan alminiyom. A kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a goge ƙura, a yanka facin ya zarce ramin da santimita 5 ta kowane gefe, a danne shi sosai. Gudoro zalla da ake narkawa a shafa, wannan ba mu ba da shawararsa a kan tol: zafin bazara na sa shi ya kwarara, sanyin hunturu ya tsattsaga shi.

Akwai kuma yoyon da faci ba ya yi wa magani. In tol bai hau kan ɗan'uwansa da santimita 15 zuwa 20 ba, ko gangaren rufin ya yi kaɗan, iska na tura ruwa ya koma baya ta mahaɗa. Haka wurin da aka cusa bakin tol cikin bango aka shafe da siminti: ƙarfe na miƙewa da rana, ya tsuke da dare, simintin kuwa ba ya binsa, sai ya tsage. Nan sai an lanƙwasa falle, a shigar da gefe ɗaya cikin bango, ɗayan ya kwanta a kan tol. In kuwa tsatsa ta ci falle har yatsa na huda shi, a sauya shi kawai. A tambayi kauri, kada a tsaya ga launi. Mai kaurin 35/100, wato milimita 0.35, ya fi siraran nan jure taku da iska.

Soron laka, irin na Birni da tsoffin gidajen Zango, shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. Mutane na ɗaukar siminti shi ne gaba da komai, su shafe soro da shi. Siminti ba ya kama laka. Yakan tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar bushewa, azara ta ruɓe ba wanda ya gani, ga gara na taya ta. Yaɓe da laka mai kyau da aka cuɗa da ciyawa, ko makuba (ta ɓawon ɗorawa) in an samu, ya fi wa soro, sai dai yana son sabuntawa kusan kowace shekara. A kankare tsohon da ya saki kafin a ɗora sabo, don ƙasa a kan ƙasa nauyi ne ga azara. Mai ɗan hali ya kwashe ƙasar saman, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri, mahaɗa ta hau juna da santimita 30, gefenta ya hau jikin rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, bakinta ya shiga cikin indararo, sannan a mayar da ƙasa aƙalla santimita 10. Ledar da aka bari a fili aka danne da duwatsu, rana na busar da ita ta farfashe. Azarar da ta lotsa kuma ba maganar yoyo ba ce: a fitar da iyali daga ɗakin, a kira magini.

Rufin kankare yana yoyo ne inda ruwa ke kwanciya. In bayan ruwan sama an ga tafki a kai, sai sabon daɓe mai gangaren santimita 2 a kowace mita zuwa indararo. Haɗinsa: buhun siminti mai kilo 50, baro biyu na yashi mai tsabta, da ƙullin Sikalite mai kilo 1, hodar da ke hana ruwa ratsa siminti. A yi ta shayar da daɓen kwana 7, ko da ruwa na wuya a unguwar. Gudoron sanyi irin Flintkote, shafi biyu a gicciye, yana rufe ƙananan tsagu amma ba ya son rana tsirara. Shimfiɗar gudoro da ake mannawa da wutar gas ta fi tsada, ta kuma fi daɗewa, muddin mahaɗa ta hau juna da santimita 10.

Indararo kuwa, ko wane irin rufi ne, a share masa ƙura da ganyen dogon yaro kafin ruwan fari, a kuma sayi wanda zai zarce bango da kamar rabin mita don kada ya zuba a gindin gini.