Ƙafar baka a yaro: wadda ke miƙewa da kanta da wadda ke buƙatar asibiti

'Yar'uwa, kin ce yaronki ya shekara biyu da rabi, ƙafafunsa sun yi baka, kakarsa na cewa a bar shi zai miƙe, maƙwabciya kuma na cewa ciwon ƙashi ne. Kowace a cikinsu tana da hujja, shekarun yaron ne ke raba gardamar.

Bakan da kaka ke nufi na halitta ne. Kusan duk jariri da shi ake haifarsa. Ƙafafu biyun suna lanƙwasa daidai wa daida, yaro ba ya kukan ciwo, yana tafiyarsa, tsayinsa kamar na tsaransa. Wajen shekara 2 sai ƙafa ta miƙe, a shekara 3 zuwa 4 ma har ta ɗan yi gwame, kafin ta daidaita wajen shekara 7. Wannan ba ya buƙatar magani ko ɗaurin ƙafa.

Na laushin ƙashi kuwa, wanda likitoci ke kira rikets, ba a ƙafa kaɗai yake tsayawa ba. Ki duba wuyan hannunsa ko ya yi kauri. Ki shafa ƙirjinsa ko za ki ji ƙulle-ƙulle jere a kan haƙarƙari. Irin wannan yaron yakan makara da tafiya, ya riƙa neman a goya shi saboda ciwo, maɗigarsa ta jima ba ta rufe ba, bakan kuma ƙaruwa yake yi.

Mutane kan yi mamaki, ga rana a ƙasarmu, wadda ke sa jiki ya samar da bitamin D mai hana wannan ciwon, ina laushin ƙashi ya fito? Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yawancin yaranmu masu wannan ciwon kalsiyam ne, wato sinadarin da ke gina ƙashi, ya yi musu ƙaranci. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa cikin wata shida. Da an yaye yaro sai koko da tuwo, ba madara ba nono, ga shi hatsin ma yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke sha. Abin na damuna ƙwarai, don kindirmo, miyar kuka da ƙananan busasshen kifi da aka daka da ƙashinsa, masu ɗauke da kalsiyam, duk suna kasuwarmu.

Akwai kuma cutar Blount, mai kama ƙashin ƙwauri kusa da gwiwa, musamman a yaro mai jiki da ya fara tafiya da wuri. Kalsiyam ba ya gyara ta, sai takalmin ƙarfe ko tiyata.

Tunda naki ya haura shekara biyu, kada ki ƙara jira, kuma kada a kai shi wajen mai ɗori, ba karaya ba ce. A yi masa hoton gwiwa da wuyan hannu, da gwajin jini. In kina kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ya dace. Ki ɗauki hotonsa a tsaye yau, idon sawu a haɗe, don likita ya gwada da na gaba.